Giwa mai tsallake da firzan mai taku ɗaya: yadda ake buga tsohon shaɗaranji

Tambaya: Ni ɗalibi ne a nan Tawa. Muna buga eshek, wasan allon nan mai sarki da sarauniya da dawaki, a fadarmu da yamma. Wani abokina ya sauke manhaja a wayarsa mai ɗauke da nau'o'in wasan da yawa, muka zaɓi wanda aka rubuta wa shaɗaranji. Kayan wasan duk irin namu ne, amma sarauniya ta ƙi tafiya sai gida ɗaya, fu mai tafiya ta kusurwa kuma sai tsallake yake yi, daga ƙarshe manhajar ta ce an cinye ni alhali ba a yi wa sarkina mat ba, wato ba a rutsa shi ya rasa wajen gudu ba. Manhajar ce ta lalace, ko haka dokar take? Yaya ake buga shi, kuma akwai wasu irinsa?

Amsa: Ƙanena, manhajar lafiyarta ƙalau. Abin da kuka buɗe kakan eshek ne, kuma dokokin da suka ɗaure maka kai su ne aka yi kusan ƙarni takwas ana buga wasan da su. Asalinsa daga Indiya ne, wajen ƙarni na 6. Ya shiga Farisa, Larabawa suka same shi a can lokacin da suka ci ƙasar a ƙarni na 7, daga nan ya bi su har Andalus. Sarauniya mai ratsa allo daga wannan gefe zuwa wancan, da fu mai dogon zango, baƙi ne a wasan. A Sipaniya suka ɓullo wajen shekarar 1475, kuma littafin wani ɗan Sipaniya mai suna Lusena da aka buga a 1497 ya zo da tsohon salo da sabo a haɗe, domin a lokacin mutane ba su gama sakin tsohon ba.

Bari in fara sallamar abin da bai canja ba. Allo dai gida 64 ne, kayan kowa 16, jerin farko kamar yadda ka saba, sharaɗin kawai sarakunan biyu su fuskanci juna a layi ɗaya. Sarki taku ɗaya yake yi ta kowace fuska. Doki dokin da ka sani ne, tur mai tafiya a miƙe ma haka. Babu rok, wato takun nan da sarki da tur ke yi tare, sarki da ƙafarsa yake neman mafaka. Dakare, wato piyon, gida ɗaya yake matsawa ko a takunsa na farko, saboda haka cin nan na wucewa da ake yi a eshek bai taso ba. A bayanin da zan yi kowane gida da harafi da lamba ake kiransa: harafi, a zuwa h, na layi ne daga hagun fari, lamba kuma, 1 zuwa 8, ta sahu ce daga gefen fari. Na ɗauka sarkin fari yana e1, na baƙi yana e8, kamar yadda kuke jerawa a fada.

Giwa ita ce ke zaune a gidan fu, Larabawa na ce mata fil. Ta kusurwa take tafiya, amma gida biyu cif, ba ɗaya ba, ba uku ba. Gidan tsakiya tsallake shi take yi, ko naka ne a ciki ko na abokin karawarka, kuma wanda ta tsallake ba abin da ya same shi. Wanda ta dira a kansa kaɗai take ci. Masu buga dam sun fi kowa ruɗewa a nan, domin su a wurinsu tsallake shi ne ci. Tun a takun farko giwar c1 na iya fita zuwa a3 ko e3 ta bisa kan dakarunta, ba sai an buɗe mata hanya ba. Idan kuma ta yi wa sarki kashedi, wato ta kai masa hari, ba a tare ta da komai, sai dai sarki ya kauce ko a cinye ta, daidai da doki.

Wannan zai sa ka zaci abin tsoro ce. Ɗauki allo ka bi ta da yatsa, ka ga iyakarta. Giwar c1 tana zuwa a3 da e3. Daga e3 tana zuwa g1, c5 da g5. Daga c5 tana zuwa a7 da e7. Shi ke nan, an gama. Gida takwas ne duk rabonta a cikin 64, ko da za a kwana ana wasan: c1, g1, a3, e3, c5, g5, a7, e7. Ƴar'uwarta ta f1 ita ma takwas gare ta, kuma ba su haɗa ko ɗaya ba: b1, f1, d3, h3, b5, f5, d7, h7. Giwayen baƙi kuwa a sahu na 8, na 6, na 4 da na 2 suke yawo. Ta c8 tana da c8, g8, a6, e6, c4, g4, a2, e2. Ta f8 tana da b8, f8, d6, h6, b4, f4, d2, h2.

Ni a wurina wanda bai haddace waɗannan gidaje ba bai fara buga shaɗaranji ba tukuna, domin rabin dabarar wasan daga nan take fita. Duba abin da lissafin ya haifar. Giwayen fari ba sa barin sahu 1, 3, 5 da 7, na baƙi ba sa barin 2, 4, 6 da 8, ke nan giwa ba ta taɓa cin giwa, ba kuma ta kare ƴar'uwarta. Musayar fu da fu da kuka saba yi a eshek babu ita sam. Idan kai ne fari, duk abin da ka aje a sahu 1, 3, 5 ko 7 ya kuɓuta daga giwayen baƙi har wasa ya tashi, kuma sarkinka muddin yana sahun farko giwa ba za ta yi masa kashedi ba. Amma ranar da ya tako e2, giwar c8 na iya kama shi daga c4 ko g4, in ya tako d2 kuma ta f8 ce za ta same shi daga b4 ko f4. Abin da ya fi burge ni shi ne gidaje huɗun tsakiya, d4, e4, d5 da e5: babu giwa ko ɗaya cikin huɗun da ke iya taka su. Dokin da ya zauna a can, sai dakare, ko firzan, ko doki ɗan'uwansa, ko tur, ko sarki su tashe shi. Jimillar gidajen da giwayen huɗu ke taɓawa 32 ne, rabin allo ke nan bai san da zamansu ba.

Ko a cikin gidajen nata takwas ba duka ne take da ƙarfi ba. Giwar c1 sai ta hau e3 ko c5 take ganin gida huɗu. A c1, a3, g5 da e7 biyu take gani, a g1 da a7 kuwa ƙofa ɗaya ce gare ta. Saboda haka hanyar da ta dace da ita a bayyane take: c1, e3, c5. Taku biyu, ta kai hari kan a7 da e7 lokaci guda, ko da akwai dakaru a b6 da d6, tun da ta bisa kansu take gani. Ta f1 kuma d3 sannan f5, inda take duban d7 da h7. Sabon ɗan wasa yakan yi kwaɗayin cin dakaren a7 ko h7, sai giwar ta shiga lungu, tur na kusa da ita ya ɗauke ta. Amfaninta na gaskiya guda biyu ne: ta tsare dakarenta na tsakiya daga baya, ko ta yi wa manya biyu kwanton ɓauna, misali sarki a e7 da tur a a7, ta dira c5 ta kama su tare. Irin wannan tarko mutumin da idonsa ya saba da eshek ba ya ganinsa, domin yana ganin dakare a tsakani sai hankalinsa ya kwanta.

Wanda ke gefen sarki ba sarauniya ba ce, firzan ne, mashawarcin sarki. Gida ɗaya yake takawa ta kusurwa, gaba ko baya, haka kuma yake ci. Ba ya tsallake, don haka na d1 ba ya motsi sai an matsar da dakaren c2 ko na e2. Da yake ta kusurwa kaɗai yake bi, launin gidansa ba ya canjawa: na fari ya tashi daga d1, farin gida, zai rayu a fararen gidaje 32. Na baƙi ya tashi daga d8, baƙin gida, nasa baƙaƙe ne. Su ma ba sa haɗuwa. Tsofaffin alluna ba su da launi ko kaɗan, gidajen duk iri ɗaya ne, gwanayen wancan zamani a ka suke riƙe wannan lissafi. Ku da allonku ke da fari da baƙi an rage maku aiki.

Kada ka raina firzan don ka san abin da ya zama daga baya. Ya fi giwa amfani, domin yana iya bin dakaru taku da taku yana kare su, kuma taku uku ke kai shi tsakiya, d1, e2, d3, e4, idan hanya a buɗe take. Kuskuren da na fi gani wurin masu zuwa daga eshek shi ne ɓoye shi a bayan gida kamar wata dukiya. Ka fitar da shi ya yi aiki. Akwai kuma abin da ya kamata ka lura da shi game da dakarunka: dakaren da ke kan baƙin gida baƙaƙen gidaje yake tsarewa. Tun da firzan ɗinka na fari ba ya ganin baƙaƙen gidaje, kuma nan ne hanyar firzan ɗin abokin karawarka, to ka sa wasu dakarunka a kan baƙaƙe su tare masa hanya. Dakare a e3 kaɗai ya hana shi d4 da f4.

Dakaren da ya kai sahun ƙarshe ba ya zaɓar abin da zai zama. Firzan yake zama, ko da kana da wani, ko da kana da uku. Taku shida ne daga sahu na 2 zuwa na 8, ladan kuma ɗan ƙarami, shi ya sa tseren dakare ba ya yanke wasa nan take kamar a eshek. Abin dubawa shi ne launin gidan da zai shiga. Fari in ya shiga a8, c8, e8 ko g8 ya samu firzan na farin gida, irin wanda yake da shi tun farko. In ya shiga b8, d8, f8 ko h8 ya samu na baƙin gida, wanda zai iya farautar firzan ɗin baƙi. Sau da yawa wannan ne ke raba ci da kunnen doki, domin firzan uku masu launi ɗaya ba sa iya taɓa abin da ke zaune a ɗaya launin.

Yanzu ga abin da ya faru da kai har manhaja ta ce an cinye ka. Hanyar ci uku ce a shaɗaranji. Ta farko mat, kamar yadda ka sani. Ta biyu pat: idan sarkinka ba ya cikin kashedi amma ba ka da takun da doka ta yarda da shi, a eshek kunnen doki ne, a nan kuwa wanda ya toshe ka ya ci. Ta uku ita ce tsiraita sarki, wato a cinye maka komai a bar sarki shi kaɗai. Da an ɗauke abinka na ƙarshe wasa ya ƙare, ba a jiran mat. Ina kyautata zaton wannan ta uku ce ta same ka. Togiya ɗaya ce a cikinta: idan shi ma abu ɗaya ya rage masa ban da sarki, kuma a takunka na gaba za ka iya cinye shi, to an tsiraita juna, an yi kunnen doki. Mutanen Madina ba su yarda da wannan togiya ba, a wurinsu wanda ya riga tsiraita ɗan'uwansa shi ya ci.

Wannan doka ba ƙari ba ce da aka liƙa wa wasan, dole ce ta kawo ta. Da kaya marasa ƙarfi irin giwa da firzan, yi wa sarki mat yana da wuya ƙwarai, in ba don ita ba da yawancin wasanni tsakanin gwanaye ba za su samu mai ci ba. Ita ce kuma ke juya maka duk abin da ka koya game da ƙarshen wasa. A eshek sarki da doki ba sa cin sarki shi kaɗai, a nan an riga an ci. Sarki da dakaren gefe a kan sarkin da ya laɓe a kusurwa, wanda kowane ɗan eshek ya san kunnen doki ne, a nan ma ba a kai ga buga shi. Dabarar nan ta zubar da kayanka duka don ka samu pat, a shaɗaranji kashe kai ce sau biyu. Idan an fi ka ƙarfi, abin da za ka tsare da ranka shi ne abinka na ƙarshe, ko giwa ce, ko dakare ɗaya. Ka liƙa shi a jikin sarki, ka aje shi a gidan da giwayensa da firzan ɗinsa ba sa kaiwa, ka bar shi ya yi ta kewaye.

Gwanayen Bagadaza sun yi wa kayan kuɗi da dirhami, kuma lissafinsu har yau yana aiki. Tur dirhami ɗaya ne, doki kashi biyu cikin uku, firzan kashi ɗaya cikin uku ko sama da haka kaɗan, giwa rubu'i. Dakaren tsakiya, na d ko na e, shi ma rubu'i ne, daidai da giwa. Na b, c, f da g tsakanin ɗaya cikin shida da ɗaya cikin biyar, na gefe ɗaya cikin takwas. Ka ga ke nan ba da giwa a karɓi dakaren tsakiya ba hasara ba ce, ba da doki a karɓi giwa kuwa ɓarna ce babba, ko da yake a eshek kusan kuɗinsu ɗaya. Tur shi ne sarkin yaƙi, shi kaɗai ke da dogon hannu a allon. Wanda ya riga buɗe wa tur ɗinsa layi ya shigar da shi sahu na 7 yakan riƙe wasan. Tun da kuma babu mai harbi daga nesa ta kusurwa, sarki na iya fitowa fili da wuri ya taya dakarunsa faɗa, abin da a eshek sai an kwashe sarauniyoyi ake yi.

Waɗannan gwanaye sanannu ne a tarihi. Al-Adli ya rubuta littafi a kan wasan a ƙarni na 9, ya yi zamani da halifa al-Mutawakkil, wanda ya yi mulki daga 847 zuwa 861, kuma a gabansa ar-Razi ya doke shi. Bayansu as-Suli ya zo, ya yi fice a fadar halifa al-Muktafi, ya rasu a Basra a 946. Almajirinsa al-Lajlaj shi ya fi zurfafa bincike a kan buɗe wasa. As-Suli ya bar wata matsala ta sarki da firzan a kan sarki da firzan, ya ce ba mai warware ta sai wanda ya koya wa. Ta yi kusan shekara dubu a haka, sai a shekarun 1980 gwanin Rasha Yuri Abarbak ya fito da amsarta. Kaya huɗu ne kacal a allon.

Buɗe wasa a shaɗaranji a hankali yake tafiya, rundunonin biyu sukan yi taku goma ko fiye ba su taɓa juna ba. Saboda haka ba a haddace taku bayan taku kamar a eshek. Siffa ake haddacewa, ana ce mata ta'abiya, kowa ya gina tasa yana satar kallon ta ɗan'uwansa. Ya yi kama da farkon dara, inda kowa ke dasa ƴaƴansa a gidaje kafin a fara ci, kuma mai idon dara ya san tun a dasawar ake cin wasa ko a faɗi. Wadda nake ba masu koyo ita ce mujannah, mai fukafukai, wadda al-Lajlaj ya yi nazari a kanta. Dakaru a c4 da f4, wasu a b3, d3, e3 da g3, na a2 da h2 suna gida, dawaki a c3 da f3, tur a b1 da g1. Taku 12 ne cif. Ka duba hikimar da ke ciki da lissafin da muka yi ɗazu. Gidajen c4 da f4 na giwayen baƙi ne, taku ɗaya giwar c8 za ta yi zuwa a6 ko e6 ta kai wa c4 hari. Shi ya sa b3 da d3 ke tsaron c4, e3 da g3 ke tsaron f4. Giwayenka kuma ba su motsa ba amma suna aiki: ta c1 na kare e3, ta f1 na kare d3. Daga nan sai ka tura dakarun g da h, ko na b, ka buɗe wa tur layi.

Ga wata tsohuwar matsala da ake kira ta Dilaram. Ka jera ta a allo, ita za ta nuna maka giwa fiye da duk bayanina. Fari: sarki a4, tur a h1 da h4, giwa h3, doki g4, dakaru f6 da g6. Baƙi: sarki g8, tur a b2 da b8, doki c4. Fari ne da taku, kuma yana bakin rami, domin baƙi na da mat a taku ɗaya, ko tur zuwa a2 ko tur zuwa a8. Dole kowane takun fari ya zama kashedi.

Tur na h4 ya tafi h8, kashedi. Sarki ba shi da wajen zuwa, f7 da h7 na hannun dakaren g6, g7 na hannun f6, dole ya ci tur ɗin. Sai giwa ta tashi daga h3 ta tsallake dokinta na g4 ta dira f5, layin h ya buɗe, tur na h1 ya yi kashedi. Baƙi ya jefa tur ɗinsa h2 don ya tare, aka cinye shi da wani kashedin, sarki ya koma g8. Tur na biyu shi ma ya tafi h8, sarki ya sake ci. Dakare ya matsa g7, kashedi. Sarki ba ya cin sa don f6 na kare shi, ba ya zuwa h7 don giwar f5 na duban gidan, sai g8. Doki ya hau h6, mat. Giwar ta yi aiki biyu da taku ɗaya, ta buɗe layi ta kuma rufe ƙofar gudu, kuma fu na eshek ba zai iya takun ba tun da doki ya tare masa hanya. Lura kuma h3, f5 da h7 duk cikin gidaje takwas ɗin giwar f1 suke.

Hikayar da ake bayarwa game da matsalar ita ce wani basarake ya yi caca har ya sa matarsa Dilaram a kan wasan, ita ce ta hango mafitar ta ce ya ba da tur biyu kada ya ba da ita. Labari ne kawai, amma ya nuna irin abin da aka riƙa haɗa wasan da shi. Tun da kai ɗalibi ne a garin malamai, za ka ci karo da maganar a littafi, gara ka ji ta yadda take. A Muwaɗɗa an ruwaito Imamu Malik ya ce babu alheri a shaɗaranji, ya kuma ƙi shi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, ta ce wasa da shi bai halatta ba. A mazhabar Shafi'i makaruhi ne muddin ba a sa kuɗi ba kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Wasan da suke magana a kai shi ne wannan mai giwa da firzan, na zamaninsu. Hukunci na malamai ne, ka kai tambayar gare su. Abin da ba wanda ya yi saɓani a kai shi ne sa kuɗi caca ce, kuma in an kira salla a tashi. Wannan wasa ya fi eshek cin lokaci, wanda aka fara bayan la'asar yakan kai magariba bai ƙare ba, sai ku san lokacin da za ku zauna masa.

Game da ko akwai wasu irinsa, akwai da yawa. A Habasha akwai santaraj, ɗan gidan shaɗaranji ne, sai dai farkonsa ba a jiran juna: kowa na ta matsar da kayansa da saurin da ya ga dama har sai an yi cin farko, sannan a koma taku bi da bi. Akwai kuma babban shaɗaranji da ake dangantawa da Taimur, wanda ya rasu a 1405. Allonsa gida 110 ne da wasu biyu a gefe, cikin kayansa har da raƙumi da raƙumin dawa. Raƙumin tsallake yake yi irin na doki amma ya fi tsawo, gida uku a miƙe da ɗaya a gefe, kuma saɓanin doki ba ya barin launin da ya tashi a kai. Ka fara ƙwarewa a ƙaramin kafin ka je can.

Ba ku buƙatar waya don ku buga, allonku na fada ya isa, fu ya zama giwa, sarauniya ta zama firzan. Kafin a fara ku daidaita a kan abu uku don kada gardama ta tashi a tsakiya: ko za ku bi togiyar tsiraita juna ko dokar Madina, da adadin takun da za a yi ba ci ba motsin dakare kafin a ce kunnen doki, da kuma inda sarki zai zauna. Manhajoji da yawa suna sa sarakuna a d1 da d8, firzan a e1 da e8. Idan haka taku take, gidajen giwaye ba su canja ba ko ɗaya, amma launin firzan ya juya: na fari ya koma baƙaƙen gidaje, na baƙi ya koma farare, sai ka juya abin da na faɗa game da inda za ka sa dakaru da gidan da za su shiga a sahun ƙarshe.